Dabarar lissafin ɗigon ƙarin ruwa: raba uku kawai

Salama alaikum ƴan'uwa ma'aikatan jinya, musamman ɗalibai masu koyon aiki a asibitocin Maradi.

Ku daina neman waya a bakin gadon majinyaci. Ku duba mililita nawa ake so a awa ɗaya, ku raba uku. Abin da ya fito shi ne ɗigo a minti.

Misali an rubuta 500 ml cikin awa 4. Awa ɗaya 125 ke nan. Raba uku, kusan ɗigo 42. Ni agogo nake kallo daƙiƙa 30, in na ƙirga 21 na saki hannu.

Dalili: robar ƙarin ruwa da aka saba tana ba da ɗigo 20 a mililita, awa kuma minti 60 ce. 60 raba 20, uku.

Amma fa ku karanta ledar robar tukuna. Ta yara mai ɗigo 60, ba a rabawa: 40 ml a awa, ɗigo 40 ne. In ɗigo 15 aka rubuta a ledar, raba huɗu.

Ku dawo ku sake ƙirgawa. Majinyaci na lanƙwasa hannu gudun ya canza. Yaro mai tamowa kuwa, ruwa in ya yi yawa zuciyarsa ba ta ɗauka, ku bi abin da likita ya rubuta daidai.