Yadda Ake Zaɓen Maɗaurin Fata Na Agogon Hannu

Yawancin masu sayen maɗaurin agogo, wanda masu gyara ke kira bel, fuskarsa suke dubawa: launi, ƙyalli, zanen kada. Amma maɗauri ba ta fuska yake mutuwa ba. Ta ciki yake fara lalacewa, wajen da yake shan zufa, da kuma wajen ramin da ake lanƙwasa shi kullum. Kafin ma a kai ga wannan, akwai awo biyu da idan ba su yi daidai ba, kyawun fatar ba zai amfane ka da komai ba.

Awo na farko shi ne faɗin tsakanin kunnuwan agogo, wato ƙarafunan nan biyu-biyu da suka fito sama da ƙasa, waɗanda maɗaurin ke shiga tsakaninsu. Da milimita ake auna shi. Ka cire tsohon maɗaurin, ka ɗora rula daga cikin kunne ɗaya zuwa cikin ɗayan. Kada ka auna tsohuwar fatar, don zufa da rana sun riga sun sa ta tsuke. Sau da yawa ma za ka ga an buga lambar a bayan tsohon maɗaurin, 18 ko 20 ko 22. Agogunan maza galibi suna kan 18, 20 ko 22, manya-manya su kai 24, na mata kuma daga 12 zuwa 16. Masu wahala su ne 19 da 21, don ba kowane mai tebur ke ajiye su ba, kuma a nan ne za a ce maka “ai duk ɗaya ne, Alhaji, zai shiga.” Idan dole ne, gara ka matsa 20 mai laushi a gurbin 19 da ka sa 18. Maɗaurin da ya gaza yakan bar fin, wato siririn ƙarfen da ke riƙe shi tsakanin kunnuwan, a fili, ya riƙa zamewa hagu da dama, wata rana gefen fatar ya kama wuyan fin ɗin ya danne shi, agogo ya faɗi ƙasa.

Wasu agogunan ba su da kunnuwa irin na kowa. Swatch, da yawancin G-Shock na Casio, da Tissot PRX, da Apple Watch, kowanne da irin mahaɗinsa. Waɗannan sai maɗaurin da aka yi dominsu, ko ɗan ƙarfen haɗi da ake sayarwa daban.

Awo na biyu tsawo ne. Maɗauri gida biyu ne, dogo mai ramuka da gajere mai ɗauke da kan ƙarfe, shi ya sa ake rubuta tsawon da lamba biyu a milimita, kamar 115/75. Ba a lissafa kan ƙarfen a ciki. Ka zagaya tef ɗin tela a wuyan hannunka, daidai inda agogo ke zama, ba tare da ka matse ba. Idan bai kai santimita 16 ba, nemi wajen 105/65. Daga 16 zuwa 19, 115/75 ko 120/80 zai yi. Wanda ya haura 19 sai 125/85 ko fiye. Girman agogon ma yana shiga lissafi, don agogo mai faɗi ya riga ya cinye wani ɓangare na hannun. Alamar daidai ita ce harshen ƙarfen ya faɗa ramin tsakiya ko na kusa da shi, kan ƙarfen ya zauna a tsakiyar cikin hannu, jelar kuma ta wuce na biyu cikin zobban da ke riƙe ta kaɗan. Idan gajeren gidan ya yi tsawo, kan ƙarfen zai koma gefe, agogon ya riƙa juyawa yana kallon waje. Ƙara rami ba ya gyara wannan.

Akwai wata lamba da ake mantawa. Yawancin maɗaurai suna sirancewa wajen kai, misali 20 a kunne, 18 ko 16 a kan ƙarfe. Idan kana so ka mayar da asalin kan ƙarfen agogonka mai tambarin kamfani, sai faɗin ƙarshen sabon maɗaurin ya yi daidai da shi.

Yanzu fatar kanta. Abu na farko, ka tabbata fata ce. Ba banza ba kalmar da Bature ke kiran fata da ita ta zama leda a bakinmu, don abin da ake sayarwa da sunan fata da yawa roba ce aka shafa a kan ƙyalle, ko kuma garin fata aka kwaɓa da gam aka matse. Tambarin “Genuine Leather” da ake bugawa a ciki ba ya nuna inganci, iyakarsa ya ce akwai fata a wani wuri a jikin abin. Ka leƙa cikin ramukan, don a nan ne ba a shafa fenti ba. Fata ta gaske za ka ga zare-zaren nama a cakuɗe, ta jabu kuwa za ka ga saƙar ƙyalle, ko soso, ko wani abu kamar kwali. Ka lanƙwasa ta a hankali. Ta gaske takan yi ƙananan tamoji ta koma, launinta ya ɗan sauya a wajen lanƙwasar. Ta roba takan yi layi ɗaya mai kaifi, kuma daga wannan layin ne za ta fara ɓarewa bayan 'yan watanni. Hanci ma yana aiki, warin jima daban, warin roba da gam daban.

Jima iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta itatuwa, irin wadda majemanmu ke yi da bagaruwa, Turawa kuma da ɓawon itatuwansu. Tana ɗaukar lokaci, fatar takan fito da ɗan tauri, ta yi laushi da amfani, ta riƙa duhu tana ƙyalli yadda tsohon kube ke yi. Aibinta shi ne tana shan ruwa, ta yi tabo, idan ta jiƙe ta bushe sau da yawa ta ƙandare. Sai jimar sinadarin kurom, wadda masana'antu ke gamawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ita ce mafi yawa a duniya. Tana da laushi tun ranar farko, launinta ba ya saurin sauyawa, ta fi jure ruwa. Idan an yanka ta, tsakiyar kan nuna toka-toka mai shuɗi. Wasu mutane jikinsu ba ya jituwa da kurom, sai wuyan hannu ya yi ja yana ƙaiƙayi. Mai irin wannan fata ya nemi jimar itatuwa. Idan kuma ƙaiƙayin daidai wajen kan ƙarfe yake kaɗai, to laifin nikel ne da ke cikin ƙarfen, ba fatar ba.

Fatar maraƙi ita ce ta kowa da kowa, kuma ga wanda agogo ɗaya gare shi, ita ya kamata ya fara nema. Fatar akuya ba ta samun yabon da ya dace da ita: siririya ce amma tana da ƙarfin ja, ga ƙwayar ido mai kyau da ke ɓoye ƙarzuwa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai bango da ita. Baduku mai hannu a Kano ko Zinder zai iya yanka maka maɗauri da ita idan ka kai masa tsohon ya kwatanta. Sai dai ka yi gwaji ɗaya kafin ka biya: jiƙa farin ƙyalle ka goga a jikin fatar. Jan karan dafi da baƙin kuloko, idan ba a tsayar da su da kyau ba, suna zuba, kuma hannun farar shadda ne zai fara ba da labari ranar Juma'a.

A ɓangaren masu tsada akwai kodoban, wadda ake cirowa daga ƙugun doki. Kamfanin Horween na Chicago, wanda aka kafa a 1905, yakan ɗauki aƙalla wata shida yana jimarta. Ba ta tsagewa a wajen lanƙwasa, sai dai ta yi tudu-tudu, amma ɗigon ruwa yana bar mata tabo. Fatar kada da ta jimina na ado ne. Yawancin “kada” da ke kan tebur saniya ce aka buga wa zane da inji, kuma ana ganewa: zanen yakan maimaita kansa, gidajen duk zurfinsu ɗaya, gida biyun maɗaurin kamar tagwaye. Ba laifi ba ne a saya, laifin a biya kuɗin kada ne. Ta gaske kuma tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ƙetara iyaka da ita don sayarwa sai da takarda. Fata mai gashi-gashi irin ta takalmin sanyi tana da daɗi a hannu, amma a ƙurar hunturu da zufar bazara ba ta daɗewa da tsabta.

Juya maɗaurin ka dubi shafinsa, wato fatar ciki mai taɓa jiki. A ƙasar da ake zafin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan shafin ne ke yanke tsawon ran maɗauri. Gishirin zufa yana shiga fata, ya janye mata mai, ya narkar da gam ɗin da ya haɗa sama da ƙasa, daga nan sai wari, sai baki ya buɗe. Shafi mai kyau santsi gare shi, ba ya tsotse ɗigon ruwa nan take. Ka ɗiga masa ɗigo ɗaya ka gani, idan ya tsaya kamar ƙwallo na ɗan lokaci, to madalla. Mai yawan zufa ya nemi wanda aka yi wa shafin roba, sama fata ƙasa roba, irin wanda kamfanin Hirsch na Ostiriya ya yi suna da shi. Launin shafi ya fi kyau ya zama fari-fari ko ruwan ƙasa marar rini, don baƙin shafi mai arha yakan bar zobe a hannu. Wani abin lura ga mai gudun fatar alade: ana yawan yin shafi da ita saboda arha da laushi, kuma ba a cika rubutawa ba. Ana gane ta da ƙananan ramukan gashi da ke zaune uku-uku, kamar duwatsun murhu, a warwatse ko'ina a jikin fatar.

Kauri ya bi jikin agogo. Siririn agogon zuwa biki yana son fata mai kaurin milimita 2 zuwa 2.5, shimfiɗaɗɗiya. Agogo mai nauyi yana son mai ciko, 3.5 zuwa 5 a wajen kunne, in ba haka ba kan agogon zai rinjayi maɗaurin ya riƙa lilo. Ka duba kuma tazarar da ke tsakanin fin da jikin agogo. Idan ta yi kaɗan, fata mai kauri za ta riƙa gogar ƙarfe har ta ƙuje, a nan sai siririya ko mai lanƙwasasshen baki.

Ɗinki ya zama a jere, zaren a nutse, babu wanda ya tashi. Ɗinkin hannu na allura biyu ya fi na keke, don idan zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe, na keke kuwa warwarewa yake yi. Wanda babu ɗinki sam, gam kaɗai ya riƙe shi, ka fi sa ido a wajen da fatar ta naɗe fin, nan ne duk nauyin agogo yake. Gefen maɗauri ko dai an naɗe fatar sama ta rufe shi, ko an shafa fenti. Ka lanƙwasa ka ga ko fentin zai tsage.

Launi ba shi da doka mai tsauri. Baƙi ya fi natsuwa a kan farar fuska ko baƙa, ruwan ƙasa yana shiga da shuɗiya da koriya da ruwan madara. Abu ɗaya da ido ke kamawa nan da nan shi ne farin kan ƙarfe a kan agogo ruwan zinare.

Wajen ɗaurawa, gajeren gida mai kan ƙarfe yana zuwa ta wajen ƙarfe 12, dogon ta wajen ƙarfe 6. Ka kifa agogon a kan ƙyalle mai laushi, ka yi aiki ta baya don ko an ƙarce kunne kada ya fito a fuska. Akwai ɗan ƙarfe mai baki biyu da ake danne fin da shi. Reza da wuƙa suna yanka fata, suna kuma yanka yatsa. Ka sa sabon fin, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma tsohon mai yiwuwa zufa ta cinye sifirin ɗin cikinsa. Kaurin fin na yau da kullum milimita 1.5 ne ko 1.8, amma agogunan ninƙaya na Seiko suna zuwa da mai kauri 2.5, wanda ba ya shiga ramin yawancin maɗauran fata sai an faɗaɗa. Bayan ka ji ƙas ɗin shigarsa, ka ja maɗaurin da ɗan ƙarfi ta kowane gefe kafin ka ɗaura a hannu. Masu sauya maɗauri akai-akai su nemi mai ɗan maɓalli a ciki, wanda ake ja da farce ba sai da kayan aiki ba.

Kada ka matse shi, ɗan yatsa ƙarami ya iya shiga tsakanin fata da hannu, iska ta samu hanya. Wajen cirewa kada ka ja jelar baya da ƙarfi har ta karye a kan ƙarfen, wannan ne ke tsaga ramin da ka fi amfani da shi. Kan ƙarfe mai naɗewa, irin na agogon sarƙa, yana kawar da wannan matsalar gaba ɗaya tunda ba a sake lanƙwasa fatar.

Alwala sau biyar a rana ta fi ƙarfin kowace fata. Ka cire agogon ka sa a aljihu, ka bar hannu ya bushe kafin ka mayar. Idan ya jiƙe, a goge da ƙyalle a bar shi a inuwa, ban da rana, ban da kusa da wuta. Da damina kada a rufe shi a akwati da danshi, fumfuna za ta kama shi. Da hunturu, idan fatar ta fara fari-fari tana bushewa, ɗan man gyaran fata marar launi kamar ƙwayar gero ya isa gida ɗaya, a murza da yatsa, a goge ragowar. Man kaɗanya yana yi, amma zai ƙara mata duhu. Man gyaɗa da manja suna yin ɗoyi a cikin fata, turare kuma sinadarinsa yana cin rini, don haka a fesa shi ya bushe kafin a ɗaura agogo. Mai iko ya sayi biyu yana musanyawa, wanda ya sha zufa yau ya huta gobe ya bushe sosai kafin a sake ɗaura shi.