Yadda ake rubuta saƙon komit da abokin aiki zai gane

Ba zan koya maka girka Git ba, na ɗauka ka wuce nan. Abin da ke damuna da sabbin yaranmu a nan Yamai shi ne ka buga `git log --oneline` ka tarar da "modif", "maj", "maj 2", "ça marche" a jere, ko mai su bai san me suka ƙunsa ba.

Fara da raba aikin. Komit, wato canjin da ka adana a tarihin Git tare da saƙonsa, kowane ɗaya magana ɗaya. In saƙon ya buƙaci "da kuma", komit biyu ne. `git add -p` zai nuna maka canjin gutsure-gutsure ka zaɓa. Na san tsoron ɗaukewar kuran ke sa ku tattara komai a buhu guda, amma komit ba ya cin ko mega ɗaya, a kwamfutarka yake zama sai ka tura.

Layin farko kada ya wuce haruffa 50, da sigar umarni, babu aya a ƙarshe. Sai ka tsallake layi ɗaya. Wannan gurbin ne Git ke raba kanu da jiki da shi.

Jikin nan ne kowa ke gudu, kuma nan ne na ƙone. Muna wata manhaja ta masu shaguna, wani ƙanenmu ya sa a ninka farashi sau 5, ya rubuta "correction prix" kawai. Bayan wata shida `git blame`, mai nuna komit ɗin da ya taɓa kowane layi a ƙarshe, ya kai ni layin, na ɗauka kuskure ne, na goge. Ashe ƴan kasuwar da dala suke shigar da kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Kayan sefa 500 suka riƙa fita 100 a takardar ciniki. Da ya rubuta haka, da ban taɓa ba:

Mayar da dala zuwa sefa kafin ajiye farashi

Masu shago da dala suke lissafi, takardar ciniki kuma da sefa take fita. Kada a cire ninkin nan.

Abin da ka canza yana nan cikin kod ɗin, kowa zai gani. Dalilin ne babu wanda zai sani sai ka faɗa. Saboda haka daina sa `-m` (mai sa ka rubuta saƙon nan take a layin umarni), ka bar edita ya buɗe, layi kada ya haura haruffa 72.

Faransanci ko Ingilishi, ku tsaya kan ɗaya. In kuna GitHub, sa "Fixes #12" a ƙasa (12 ɗin lambar matsalar da aka shigar a GitHub ce), matsalar za ta rufe da kanta in an haɗe da babban reshe. Kuskure a saƙo, `git commit --amend` na gyarawa, amma kafin ka tura. In ka riga ka tura, bar shi haka.