Kurakuran da ke kashe bitar matasan marubuta, da yadda za a gyara su

Duk dogon hutu sai ka ji makaranta ko ƙungiyar marubuta ta shirya wa yara 'yan sakandare bitar rubutu. Niyyar mai kyau ce, kuɗi da lokaci kuma suna tafiya. Amma sau da yawa yaro yakan koma gida da takardar shaida da hoto, ba tare da ya rubuta ko shafi ɗaya ba. Bita ana auna ta ne da labarin da yaro ya rubuta da hannunsa, aka karanta, ya koma ya gyara.

Kuskuren farko, kuma mafi girma, shi ne mayar da bita biki. An sa ƙarfe tara, babban baƙo bai iso ba sai sha ɗaya. Shugaban taro ya yi jawabi, uban taro ya yi, mai masaukin baƙi ya yi, sannan malami ya karanta takarda mai shafi goma kan tarihin adabi. Kafin a ce yara su ɗauki biro an kira Azahar. Ku rage buɗe taro zuwa minti 15, ku ɗage jawaban manya zuwa ranar rufewa, inda za su zauna su saurari abin da yaran suka rubuta. Cikin awa uku na zaman safe, malami ya yi bayani na minti 30, yara su yi rubutu na awa ɗaya, ragowar a yi karatu da gyara. Kwana uku sun isa a fitar da gajeren labari ɗaya: ranar farko a rubuta, ta biyu a yi sharhi, ta uku a sake rubutawa.

Yawan yara ma matsala ce. Malami ɗaya ba zai iya da yara 60 ba. Lissafin a fili yake: labari mai kalma 1,000 yana cin kusan minti takwas idan aka karanta shi da murya, sharhi kuma minti goma. Yara shida sun cinye kusan awa biyu ke nan. Don haka kada malami ɗaya ya wuce yara 12, ya raba su gida biyu. In kuwa masu nema sun yi yawa, a ce kowa ya turo shafi ɗaya na rubutunsa, a zaɓa daga ciki. A kuma duba kalanda: daga Mayu zuwa Yuli 'yan ajin ƙarshe suna fama da WAEC da NECO, watan Agusta ya fi dacewa.

Inda aka fi yi wa yaro illa shi ne wajen sharhi, kuma illar iri biyu ce. Akwai malamin da zai ɗaga takardar yarinya 'yar shekara 14 a gaban aji ya ce wannan ba labari ba ne, shirme ne. Ta daina rubutu daga ranar, kuma ba wanda zai san abin da aka rasa. Akwai kuma mai cewa "ma sha Allah, ya yi kyau" ga kowace takarda. Wannan bai ji wa kowa ciwo ba, amma bai koya wa kowa komai ba. Tsarin da ke aiki shi ne a raba wa kowa kwafin labarin, mai labarin ya karanta, sannan ya yi shiru yana rubuta abin da ake faɗi. Shirun nan yana da dalili: da zarar ya fara cewa "ai abin da nake nufi shi ne", ya toshe hanyar gane cewa abin bai fito a takarda ba, kuma mai karatu a gida ba zai same shi ya tambaye shi ba. Masu sharhi su amsa tambaya uku kawai. Wane wuri ne ya tsaya maka a rai? A ina ka ɓace? Me kake so ka sani da ba a faɗa ba? A haramta "ya yi daɗi" da "bai yi daɗi ba" sai an nuna layin da ake magana a kai. Malami ya yi magana a ƙarshe, don in ya fara, yara za su maimaita bakinsa ne. Ya kuma ba yaro gyara biyu ko uku, ba ashirin ba.

Da wannan ake haɗa kuskuren jan biro. Malami ya karɓi rubutun farko ya cika shi da ja saboda ƙa'idojin rubutu, alhali labarin kansa bai tsaya da ƙafarsa ba. Ina amfanin gyara waƙafi a sakin layin da za a goge gobe? A fara da ginin labari: wa ake ba da labarinsa, me yake so, me ya tare masa hanya, me ya canza a ƙarshe. Ƙa'idoji su zo a rana ta uku, amma lallai su zo, domin rubutun waya ya ɓata hannun yara da yawa. Awa ɗaya ta isa a kama waɗanda aka fi karyawa. Ana haɗe "yana", "tana", "suna", ana raba "za ta", "za su", "ba ya". Mallaka tana manne da suna, kamar "gidansa" da "motarta", amma "ya gan shi" da "ta ba su" a rabe suke. "Ne" da "ce" kullum su kaɗai suke tsayawa. Sai haruffa masu ƙugiya: a rubuta "kafa" da "ƙafa", "kara" da "ƙara", "bari" da "ɓari" a allo, yara su faɗi bambancin da bakinsu. A nan take a taimaka wa masu waya su saka madannin Hausa na Gboard, wanda ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ.

Su ma yaran suna da nasu kurakuran. Wani zai zo da littafin rubutu uku cike da labari mai babi 40, yana so a karanta duka. A ce ya ajiye, ya zaɓi fage ɗaya mai shafi biyu. Mafi yawa kuma sukan kwaikwayi abin da suke karantawa a WhatsApp da Wattpad: attajiri mai jirgin sama, gida a Dubai, shafi guda na kwatanta lefe. Faɗa ba ya maganin wannan, aiki ne ke maganinsa. A ba su minti 20 su rubuta abin da ya faru a layin famfo, ko a ɗakin kwanan makaranta daren da aka ɗauke wuta, da sharaɗin kada su yi amfani da "baƙin ciki" ko "farin ciki". Dole yaro ya nuna uwar da ta zuba tuwo ta kasa ci, maimakon ya ce ranta ya ɓaci. Wanda ya kwafo labarin wani kuma a ja shi gefe, a faɗa masa sunan abin: satar fasaha ce, kuma tana sa a kori mutum daga gasa.

Batun iyaye ba abin wasa ba ne. Waɗannan yara ba su kai shekara 18 ba. A aika takardar neman izini mai ɗauke da wuri da lokacin tashi da sunan malamai, a tashi kafin La'asar, a samu malama mace a ɗakin. Kada a saka hoton yaro ko labarinsa a Facebook sai da yardarsa da ta iyayensa. Rashin waɗannan ne ke sa a hana 'yan mata zuwa, ba rashin sha'awa ba. A kuma shirya wa ranar da yaro zai rubuta duka ko cin zarafi da ya yi kama da abin da ke faruwa da shi: ba a karanta irin wannan a gaban aji, babba mai amana ne zai zauna da shi.

Kuskure na ƙarshe shi ne watsewa ranar rufewa. Abin da ya sa Hill-Top Creative Arts Foundation ta B.M. Dzukogi a Minna ta yi suna wajen fitar da marubuta matasa shi ne riƙe yaro na tsawon lokaci, ba zaman kwana ɗaya ba. Kafin a tashi, a sa ranar haɗuwa sau ɗaya a wata, a ba kowane malami yara huɗu ko biyar da zai riƙa duba rubutunsu. A haɗa su da reshen ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, na jiharsu. A hana su gaggawar biyan kuɗi a buga littafin da ba a tace ba. Gara a tattara labarai goma mafi kyau a ɗan kundi, bayan kowanne ya sha gyara sau biyu. A koya musu karanta sharuɗɗan gasa tun daga layin farko har na ƙarshe. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, tana neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, ta kuma sha sanya shekara 18 a matsayin mafi ƙaranci. 'Yar shekara 16 tana da shekara biyu ke nan na koyon tsayar da labari cikin wannan adadin, kuma haɗuwar wata-wata ita ce wurin da za ta yi shi.