Yadda Za Ka Tace Sharhin Linzamin Wasan Kwamfuta Kafin Ka Saya

Duk mai sharhi a kan linzamin kwamfuta yana yanke hukunci ne da hannunsa da kuma wasan da ya saba yi, saboda haka abin da ya yaba ba lallai ne ya dace da kai ba. Matakin farko, tun kafin ka karanta ra'ayin kowa, shi ne ka san hannunka. Ka auna tsawonsa daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, sannan ka lura da yadda kake riƙe linzami, domin wasu suna shimfiɗa tafin hannu gaba ɗaya a kansa, wasu suna lanƙwasa yatsu, wasu kuwa da kan yatsu kaɗai suke juya shi. Idan mai sharhi bai faɗi girman hannunsa da irin riƙonsa ba, maganarsa a kan daɗin riƙo ba za ta amfane ka ba.

Bayan haka sai ka dubi wasan da ka fi yi. Mai wasan harbi irin Counter-Strike 2 ko Valorant yana jan hannu da nisa kuma da sauri, shi ya sa linzami marar nauyi yake yi masa daɗi, kamar Logitech G Pro X Superlight wanda ya fito a 2020 da nauyin da bai wuce giram 63 ba. Mai wasan World of Warcraft kuwa maɓallai 12 da ke gefen linzamin Razer Naga sun fi masa amfani, ko da nauyin ya ƙaru.

Mataki na uku shi ne lambobi, kuma a nan ne talla take yawan rinjayar mai saye. DPI yana nuna nisan da kibiya take yi a allo idan aka motsa linzami inci ɗaya, ba ingancin saiti ba. Idon linzami (na'urar da ke gane motsinsa) na kamfanin PixArt mai lamba PAW3395 yana kaiwa DPI 26,000, alhali ƙwararrun 'yan wasan harbi da yawa suna tsayawa tsakanin 400 da 1,600. Lamba ta biyu ita ce yawan saƙon da linzami yake aika wa kwamfuta a sakan ɗaya. A 125 Hz, wato saƙo 125 a sakan ɗaya, saƙo yana zuwa kowane milisakan 8 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan), a 1,000 Hz kowane milisakan 1, a 8,000 Hz kuma, wanda Razer Viper 8KHz ya zo da shi a 2021, kowane milisakan 0.125. Tazarar farko babba ce, amma ta biyun ba ta kai milisakan ɗaya ba, kuma wanda allonsa yake a 60 Hz, wato yana sauya hoto kowane milisakan 16.7, da wuya ya ji ta. Ga shi kuma 8,000 Hz tana ƙara wa kwamfuta aiki, tana kuma cinye batir idan linzamin marar waya ne. A ganina, mai irin wannan allo gara ya kashe kuɗinsa a kan sauya allon.

Idan an gwada linzami marar waya, ka tabbatar ta wace hanya aka haɗa shi, domin ƙaramar na'urar 2.4 GHz da ake cusawa a USB ta fi Bluetooth saurin amsawa.

Daga ƙarshe, ka nemi sharhin waɗanda suka yi watanni suna amfani da linzamin, saboda maɓallin da ke aiki da haɗuwar ƙarfe yakan fara danna sau biyu da kansa idan ya tsufa, matsalar da maɓalli mai aiki da haske yake kauce mata, kuma wannan ba ya bayyana a makon farko. Ka kuma duba ko kamfani ne ya ba mai sharhin linzamin kyauta, sannan ka tambayi mai sayarwa sharuɗɗan mayar da kaya kafin ka biya.