Kafin ka kashe tsohuwar Fijo da hannunka

A wata uku da suka wuce, samari huɗu ne suka zo ƙofar gidana da magana iri ɗaya: "Baba, na samu tsohuwar 504, ina so in tashe ta." Uku daga cikinsu sun riga sun yi ɓarnar kafin su zo, shawarar da suke nema ta yadda za a ɗinke abin da suka yaga ce. Na gaji da maimaita karatu ɗaya a kan benci, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya zo in miƙa masa.

A kan 504 zan yi magana domin ita na sani, ita ce kuma ta fi yawa a bayan gidajen mutane, an ɗora ta kan bulo, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. A Faransa ta fito a 1968, shekara ɗaya bayan nan ta ci kyautar motar shekara ta Turai, kuma daga 1975 aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kakuri, Kaduna. Turawa sun daina yin salun ɗinta tun 1983, mu kuwa muka ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wannan ne ya sa kayanta ba su yi wuyar na wasu tsofaffin motoci ba. Shi ne kuma ya sa kowa yake ganin ya san ta, har wanda bai taɓa buɗe littafinta ba.

Kuskuren farko tun wajen ciniki ake yin sa. Mutum ya je da yamma, ya ga fenti na sheƙi, ya ji injin ya tashi, ya biya. Ni da safe nake zuwa, kafin mai ita ya ɗumama ta, in ga hayaƙin farko da idona. Ina riƙe da ɗan maganaɗisu a aljihu ina bin ƙasan ƙofofi da gefen tayoyi. Duk inda ya ƙi kamawa, filla ce, wato ƙullin da masu fenti ke cike lotsawar bodi da shi, aka lafta a kan rami. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a leƙa cikin but, a duba inda shokozoba na gaba ya haɗu da bodi. Lambar shasi kuma ta dace da ta takarda, in ba haka ba ka bar musu abarsu ko da kyauta ce.

Na biyu, motar da ta shekara biyar a tsaye ba a kawo mata batir a murɗa makulli. A zubar da tsohon fetur, a sauya baƙin mai, a cire fulogi a ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, a kwana, sannan a juya injin da sifana a hankali.

Yanzu ga wanda ya ci mini kuɗin ragunan layya na shekara biyu.

Lokacin da na sayi tawa, samfurin GR ce, fara, allurar zafi tana ɗan haurawa in na shiga cunkoso. Na kai ta wani gareji. Bakaniken ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce, "Yallaɓai, tamostat ne. Wannan abin na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa." Ya kwance, ya cire, ya jefa cikin wani gwangwani da ke cike da irinsa. Na yi godiya har da ƙarin na goro. Allura ta sauka, na ce na samu gwani.

Abin da ban sani ba shi ne, tamostat ba shi ne ciwon ba. Aikinsa ya riƙe ruwa a cikin injin har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. In ka cire shi, injin zai daɗe yana aiki da sanyi, musamman da asubar hunturu, ya sha fetur, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, ringi su riƙa cinyewa a hankali. Mafi muni, ya ɓoye maka ainihin cutar. Tawa cutar lagireto ce: shekara da shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya da na burtsatse, gishirin ruwan ya daskare ya toshe rabin hanyoyinsa, kamar yadda kake gani a gindin tsohuwar butar shayi. A cikin gari ba ta nuna ba. Ranar da na ɗauki hanyar Zariya da iyali a watan Afrilu, muna wuce Kwanar Ɗangora sai tururi ya turnuƙe gilashi.

A nan na ƙara nawa wautar. Na buɗe murfin lagireto da zafinsa, har yau tabon yana bayan hannuna. Sannan na karɓi jarkar ruwan sanyi na tuttula wa injin da ke tafasa. Kan injin 504 na alminiyom ne, gangar jikinsa kuma ƙarfe. Ba sa miƙewa da tsukewa tare. Gasket ya ƙone, tof silinda, wato kan injin, ya lanƙwashe.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Injin 504 ba kamar na yawancin motocin Japan da yaran gareji suka saba da su ba ne. Silindoginsa silib ne da ake zurawa a cire, ruwa yana zagaya su kai tsaye, kuma a gindin kowanne akwai siririn abin toshiya da ke raba ruwa da baƙin mai. Abin da ke danne su a mazauninsu shi ne tof silinda. Da zarar ka ɗage shi, babu abin da ke riƙe da su. Ina tsaye, ina kallo, yaron garejin da aka ja motar zuwa can ya sa sifana ya juya injin wai zai goge kan fiston. Fiston ya taso, ya taso da silib. Ban san abin da na gani ba a lokacin. Aka kai kan aka wasa, aka sa sabon gasket, aka ɗaure, na biya. Kwana shida na zaro sandar gwajin mai na gan ta kamar an tsoma ta a shayi mai madara. Ruwa ya gangara cikin mai. Sai da aka sauke injin gaba ɗaya, aka wargaza shi, aka sake komai daga tushe. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma da kuɗina aka yi shi.

To ku saurara, ku masu zuwa kuna ce mini "ai Oga ya ce". In za a buɗe kan injin 504, ka tsaya a wurin, kada ka tafi cin abinci. Kada a fizge kan sama; a girgiza shi gefe har ya saki. Yana fita, a danne silib ɗin nan da manyan washa da noti, ko da guntun ƙarfe mai huji, kafin kowa ya taɓa injin. Wanda ya ce maka ba sai an yi ba, ɗauki motarka ka bar masa garejinsa, ko da jan ta za a yi. Wajen ɗaurewa kuma daga tsakiya ake farawa a yi waje, da sifana mai awo. Ƙarfin damtsen yaro ba awo ba ne. Ni yanzu tsohon bakanike nake nema, irin wanda ya yi zamanin da tashoshin mota suke cike da wagon, ko da hannunsa na rawa. Shi ya zauna a kujera yana faɗa, yaro yana ɗaurewa.

Tamostat na mayar da shi, kuma yana nan. Lagireto na kai aka buɗe shi sama da ƙasa aka zuzzura kowace hanya, na sauya murfinsa da duk tiyo. Ruwan da nake zubawa shi ne tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, wanda babu asid a ciki, in gauraya da ruwan sanyaya injin na gwangwani. Abokaina suna dariya, wai mota tana shan ruwan da ya fi nawa tsada. Su yi ta yi. Na san akwai masu cewa sun shekara ashirin ba tamostat kuma lafiya lau. Ban musa ba, amma ban ga cikin injinsu ba.

Sai fenti. Wannan ba ni ya ci ba, amma ya fi komai ba ni haushi, domin kusan kowane sabon shiga da shi yake farawa. Mota ba birki, wayarin duk ɓera ya ci, ƙasanta ya ruɓe, amma kuɗin farko da ya shigo hannu sai wajen mai fenti, saboda ana so a ɗauki hoto a sa a waya. Wani ɗan ƙanena ya yi haka da motar mahaifinsa. Na ce masa, "Kai, ka bari a yanke ruɓar nan a yi walda tukuna." Ya ce, "Kawu, mai fentin ya ce filla za ta rufe." Ta rufe kuwa. Damina ɗaya aka yi, fentin ya fara kumbura a ƙasan ƙofofi kamar ƙurajen zafi, ta biyu filla ta fara faɗowa gutsure-gutsure. Tsatsa ba ta mutuwa don an rufe ta, ci take yi daga ciki. Bayan haka da aka zo sauke giyabos da gyaran wayarin, yaran gareji suka jingina da ita da sifana a aljihu, suka zuba man birki a kan fenda, shi kuwa man birki cin fenti yake yi. Kuɗin fenti biyu ya biya, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Tsarina shi ne: birki da sitiyari da taya, sai injin da ruwansa, sai wuta, sai walda, fenti a ƙarshe. Duk inda ya ruɓe a yanke shi har a kai ga ƙarfe mai rai, a sa sabon falle, a shafa maganin tsatsa ciki da waje. Filla ta gyaran fuska ce, siririya. Kuma kafin fanel bita ya kunna wuta, a cire batir, a kawar da tankin mai da shimfiɗu. Launi ma, ni a ganina a mayar mata da wanda ta zo da shi. Yana nan a ɓoye a ƙarƙashin robar ƙofa ko cikin but. Amma wannan ra'ayina ne, motarka ce.

Akwai ƙanana da ba sai na ja ba. Kada ka wargaza mota gaba ɗaya rana ɗaya ka zuba notuna a bokiti. Bayan wata shida ko wanda ya ƙera ta ba zai gane na ina ne ba. Ɗauki hoto kafin ka kwance, ka sa kowane rukuni a ledarsa da takarda. Kada ka yar da tsohon kaya don ka sayi sabo, sau da yawa tsohon kafireto na asali in an wanke shi ya fi sabon da ke cikin kwali. In za ka Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wani abu, tafi da tsohon a hannu ka gwada su gefe da gefe, domin 504 ta daɗe ana yin ta, kayan farkon shekarun 1970 ba lallai su hau ta ƙarshen zamani ba, na salun kuma ba duka ke shiga wagon ko a-kori-kura ba. Fiyus in ya ƙone, nemo dalili; wanda ya naɗa masa waya ko takardar sigari yana kiran gobara ne. Man birki yana tsotsar danshi, ina sauya nawa duk shekara biyu. Taya kuma ba zanenta kaɗai ake dubawa ba: akwai lamba huɗu a gefenta, 2318 na nufin mako na 23 a 2018, kuma tayar da ta tsufa tana fashewa ko da zanenta bai taɓu ba. Matatar iska a hunturu duk mako nake kakkaɓe ta.

Masu cire injin Fijo su dasa na Toyota, ba zan yi faɗa da su ba in motar haya ce ake neman abinci da ita. Amma wanda ya ce sha'awa ce ta sa ya ɗauko ta, sannan ya raba ta da injinta, ban san me ya rage yake sha'awa ba. Ƙarar 504 in tana tsaye tana numfashi, daga bayan katanga nake gane ta.

Kuskure na ƙarshe ya fi kama waɗanda suka gama aikin. An kashe kuɗi, mota ta yi kyau, sai a lulluɓe ta da tamfol a ce sai ranar Sallah ko ɗaurin aure. Tamfol a damina danshi yake tarawa. Birki ya kama, fetur ya yi tsami a kafireto, robobi su bushe, ɓera ya dawo gidansa na da. Wasu kuma su tashe ta minti biyar a tsaye su kashe, suna ganin sun yi mata alheri, alhali injin bai yi zafin da zai kore danshin da ke cikin mai da salansa ba. Tawa duk Asabar bayan sallar asuba nake fita da ita, in yi tafiyar rabin awa a hanyar da babu cunkoso, in taka birki sosai sau biyu ko uku, in dawo in ajiye ta a rumfa inda iska ke ratsawa. Washegari da safe ina leƙa ƙasanta in ga ko ta ɗigar da wani abu, kuma in ta ɗigar, ina taɓawa da yatsa in shinshina kafin in kira kowa.