Yadda ake auna lafiyar man 'ya'yan fain

Man da ake tatsa daga 'ya'yan itacen fain na Saiberiya da Koriya ba ya jimirin iska. Kusan rabinsa asid ɗin linoleyik ne, ga kuma finolenik wajen kashi 14 zuwa 19 cikin 100. Su suka ba shi daraja, su ne kuma iskar oksijin ke fara kamawa. Mai tare masa faɗa shi ne tokoferol, wato bitamin E, shi ma kullum raguwa yake.

A fara da hanci da harshe. In ya yi warin tsohon fenti, ko ya bar maƙaƙi a maƙogwaro, kada ma a ɓata sinadari.

In ya tsallake wannan, sai awon ferokzaid, wato sinadarin da ke fara samuwa in oksijin ta kama mai. A auna giram 5 na man a kwalbar gwaji mai murfi, a zuba mililita 30 na haɗin asid ɗin asetik da kulorofom, kashi 3 da kashi 2. A ƙara rabin mililita na ruwan fotasiyam ayodaid wanda ya ƙoshi, sabon haɗi. Tsoho yakan yi ɗorawa tun a kwalbarsa, ya kumbura sakamako. A girgiza, a ba shi minti 1 cif, sannan mililita 30 na tataccen ruwa. Sai a riƙa ɗiga sodiyam tayosalfet mai ƙarfin mola 0.01 har launin ya kusa washewa, a sa ruwan sitaci ya koma shuɗi, a ci gaba da ɗigo har shuɗin ya ɓace. A maimaita ba tare da mai ba, a debe mililitan tayosalfet da wannan ya ci daga na farko, a ninka da 0.01, a ninka da 1000, a raba da nauyin man. Ƙa'idar Codex, wato kundin ƙa'idojin abinci na duniya, ga man da aka tatsa ba wuta ita ce kada wannan sakamako ya haura 15, awon asid kuma, wanda gwaji ne na daban, kada ya wuce 4.

Nan ne da yawa ke shan ruwa. Ferokzaid yana hawa ne, ya kai ƙololuwa, sannan ya farfashe ya zama aldehaid, masu warin nan. Ke nan man da ya gama lalacewa na iya nuna ƙaramar lamba kamar sabo. Don haka a haɗa da awon anisidin, mai gano aldehaid, a nanomita 350 na na'urar auna haske, a ninka lambar ferokzaid sau 2 a tara da ta anisidin.

Ƙarfin kariyarsa daga oksijin kuwa da DPPH ake duba shi, wani sinadari mai launin makuba da ake haɗawa da man: minti 30 a duhu, a karanta a nanomita 517, gwargwadon yadda launin makuba ya koɗe. A narka man a etil asitet, don a metanol ba ya narkewa sosai, sai ruwan ya yi gurɓi, na'ura ta yi ƙarya.

Wanda ya ci jarrabawa a ɗura shi a ƙaramar kwalba mai duhu, a cika har wuya, a sa a firji. Kada ya taɓa tagulla ko ƙarfe mai tsatsa, kuma ba man suya ba ne. A kan abincin da aka riga aka sauke ake yaryaɗa shi.