Yadda Ake Gano Ma'anar Kalmomin Karin Harshe a Tsohon Turanci

Ɗalibanmu na unguwannin Nima da Sabon Zango a Accra, babban birnin Ghana, da ke karatun adabin Turanci, ko a sakandare ko a jami'ar Legon, sukan ci karo da kalmomin da babu su a ƙaramin ƙamus ɗin makaranta, sai su ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Galibi kalmomin wani yanki ne na Ingila ko Sikotilan waɗanda daidaitaccen Turanci bai ɗauka ba, kamar yadda Basakkwace yake cewa ɗiya inda Bakano yake cewa 'ya, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Kafin mai karatu ya buɗe ƙamus, ya fara tambayar kansa daga ina marubucin ya fito, kuma a bakin wa ya sanya kalmar, domin marubutan ƙarni na 19 sun saba sanya karin harshe a bakin manoma da barori da ma'aikatan masaƙa. Sanin yankin rabin aikin ne. Arewaci da gabashin Ingila sun sha zaman mutanen Sikandinabiya tun daga ƙarni na 9, shi ya sa a can ake samun beck da ma'anar rafi, da fell da ma'anar tsauni, da kirk da ma'anar coci. A kudu maso yamma kuwa sautin f na farkon kalma yakan koma v, kuma daga irin wannan lafazin ne vixen, wato macen dila, ta shiga Turancin kowa da kowa. Bambancin ya daɗe: a 1490 William Caxton, wanda ya fara kawo injin ɗab'i Ingila, ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ya nemi egges wajen wata mata, ta ce masa ita ba ta jin Faransanci, saboda a wajensu eyren ake kiran ƙwai.

Daga nan sai a karanta jimlar da ƙarfi, tunda lafazin mutanen yankin marubucin ya bi wajen rubutawa, kuma sau da yawa kunne yakan gane abin da ido ya kasa ganewa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kalmar da mutum yake ganin ya santa, domin baƙuwar kalma ita da kanta take tura shi ga ƙamus. A arewacin Ingila, wanda aka ce yana starved yana iya kasancewa sanyi ne ya kama shi, cikinsa kuwa a ƙoshe. A Yokshaya, wani yanki na arewacin Ingila, while tana nufin har zuwa wani lokaci, ta yadda jimla guda za ta iya juyewa gaba ɗaya idan aka fassara ta da ma'anar da aka koya a aji. Haka nan gate a sunayen titunan birnin Yok tana nufin titi, ƙofofin birnin kuma bar ake kiransu. Saboda haka duk inda sananniyar kalma ta ƙi zama daidai a cikin jimla, a tuhume ta, kada a tuhumi marubucin.

Wajen bincike, a ganina ya fi kyau a fara da English Dialect Dictionary na Joseph Wright, mai juzu'i 6, wanda ya fito tsakanin 1898 da 1905. Wright ya san abin daga tushe, don yaron masaƙa ne daga kusa da Biradfod wanda bai iya karatu ba sai da ya kai kimanin shekara 15, daga baya ya zama farfesa a Okisfod. Ƙamus ɗinsa yana nuna gundumomin da aka ji kowace kalma, tare da jimlolin misali, kuma Jami'ar Insburuk ta ƙasar Ostiriya ta sanya shi a intanet kyauta. A lura da gajerun sunayen gundumomin sosai, domin kalma ɗaya tana iya samun ma'ana biyu a gundumomi biyu. Idan ana son sanin shekarun kalma, sai a koma ga Oxford English Dictionary, wanda yake jera misalai bisa shekarar da aka rubuta su. Cikakkensa a intanet na kuɗi ne, don haka ɗalibin Legon ya tambayi ma'aikatan Laburaren Balme hanyar samunsa. Kalmomin Sikotilan suna da nasu ƙamus daban, wanda John Jamieson ya aza harsashinsa a 1808.

A ƙarshe a rubuta kalmar a littafi tare da cikakkiyar jimlarta, da yankinta, da shekarar littafin da aka same ta a ciki. Kada kuma a yi amfani da ita a amsar jarrabawa sai dai idan ana kawo maganar marubucin ne, domin mai duba takarda daidaitaccen Turanci yake nema.